Suwaita a Durowa, Siket a Juye

Ranar da baban yarinyar nan ya shigo da ledar kayan makarantarta, ina tsugune a kicin ina tsince shinkafa, gumi na bin ƙeyata duk da esin da ke ta kuka a falo. Ƙarshen watan Agusta ne. Wanda bai taɓa yin Agusta a Dubai ba, kar ya ce mini ya san zafi. Ni 'yar Kano ce, na san zafin bazara, amma namu zafi ne mai mutunci, in ka samu gindin bishiya ka tsira. Na nan kuwa iskar ma a jiƙe take, kamar an ɗora mutum a kan madambaci an rufe.

Ya zazzage ledar a kan katifa. Fararen riguna biyu, safa, baƙin takalmi. Sai wani siket mai gidan dara, kore da shuɗi da ɗan jan layi, mai nauyi kamar bargo. Sai suwaita. Suwaita fa, ta ulu, mai dogon hannu, da bajon makaranta a ƙirji.

Na ɗaga ta da yatsu biyu na ce, "Wannan fa, ta wa ce?"

"Tata ce mana. Cikin yunifom take."

"A garin nan?"

"Haka suka rubuta. Riga, kilt, suwaita."

"Riga da me?"

"Siket ɗin. Sunansa ke nan, kilt."

Na ce masa ko kilit ne ko kilishi, wannan matsalarsu ce, amma 'yata ba za ta sa ulu ba alhali ƙarfen ƙofa ma ba ya taɓuwa da rana. Ya yi dariya, ya ce in yi yadda na ga dama, shi dai ya sayo. Haka yake. Kafin ƙarfe shida na safe ya fita zuwa siton kayan gyaran motoci da yake aiki a Ras Al Khor, in ya dawo kuma ba ya son doguwar magana.

Ba rigima ce kawai nake ji ba. Tun da muka zo ƙasar nan yarinyar take fama da ƙurajen zafi. Wuyanta, bayanta, ƙarƙashin gwiwarta, duk sai su feso jajaye, ta yi ta sosawa har sai jini ya fito. Ni na san hodar da na ƙarar, ni na san sau nawa nake yanke mata farce a sati. Sai da ƙyar fatar ta lafa a wannan shekarar. Shi ne wasu mutanen da ba su taɓa ganin bayanta ba za su zauna a ofis su rubuta suwaita. Na ninke ta na tura can ƙasan durowa, ƙarƙashin zannuwan gado, na ce in sanyin Disamba ya zo ma yi magana.

Siket ɗin kuwa, da na warware shi sai na ji daɗi. Ashe zani ne. Dogon ƙyalle ne da ake naɗawa, baki ɗaya ya hau kan ɗaya, sai 'yan bel biyu na fata a ƙugu. Karatuna bai wuce aji shida na firamare ba, takardun makarantar nan in na kalle su kaina ke juyawa, amma zani? Tun ban kai yarinyar nan ba nake ɗaura shi. A duk cikin ledar nan, ga abu ɗaya da ba sai na tambayi kowa ba.

Rabinsa tattara ce, ninki-ninki a jere, an guge su sun yi kaifi. Ɗaya rabin kuma shafe yake, ba komai. Na duba ɗan ƙyallen nan da ake liƙawa a bayan tufafi, sai na tarar a gefe aka liƙa shi, bai gaya mini komai ba. To amma abin ai a fili yake. Ado gaba yake zuwa. Wane tela ne zai ɓata yini yana jera ninki, ya bi su da dutsen guga, sannan ya ce a je a zauna a kansu? Na sa tattarar a gaba, shafaffen a baya. Akwai kuma wani ƙaton fil a jikin bakin, irin na nafkin jarirai amma ya kai tsawon yatsana. Fil a jikin 'yar shekara biyar mai guje-guje! Na cire shi na jefa a gwangwanin allurai, na ɗauko zare na ɗinke bakin tun daga sama har ƙasa, don kar iska ta buɗe mata jiki a titi.

Ranar farko na tsaya na kalle ta a bakin ƙofa, wallahi ta yi kyau. Ban faɗa mata ba. 'Yar fari ce, a gidanmu kuwa ba a sakewa da ɗan fari. Ko sunanta ba na kira, sai dai in ce "ke". A Kano wannan ba komai ba ne, don yaro yana da kaka, yana da gwaggo, yana da ɗakuna biyar da zai shiga ya kai ƙara a rungume shi. Ban taɓa zama na yi tunanin cewa a filat ɗinmu na unguwar Muraqqabat ɗaki ɗaya ne da falo, kuma ni kaɗai ce a ciki ba.

A ƙasan beninmu, gaban shagon canjin kuɗi, nan bas ɗin makarantar ke tsayawa. Ita kaɗai ke hawa a wurin. Gilasan bas ɗin masu duhu ne, kawunan yara kawai nake hangowa. Kullum a daidai lokacin Anti take saukowa za ta tashar jirgin ƙasa ta Al Rigga. Anti maƙwabciyarmu ce ta hawa na huɗu, 'yar Zariya, nas ce a wani asibiti, ita ce ma ta nuna mana makarantar don 'yarta a can ta gama firamare. Ta kan tsaya mu gaisa.

"Maman 'yan makaranta, an tashi lafiya?"

"Lafiya lau, Anti. Ya aiki?"

Sai ta kalli yarinyar daga sama har ƙasa, ta ɗan gyara mata kwala, ta ce, "Masha Allah," ta wuce. Na lura idonta na daɗewa a kan siket ɗin. Na ɗauka gugar da na yi take yabawa.

A rana ta biyu ina ɗaura mata, yarinyar ta ce, "Umma, na sauran ba haka yake ba."

"Ba haka yake ba kamar yaya?"

"Nasu wannan abin a baya yake."

"Ke, tsaya in sa miki bas zai tafi. Yaushe aka haife ki da za ki koya mini ɗaura zani?"

Ta tsaya na ɗaura mata. Can ina sa mata safa ta ce, "Umma, ajinmu da sanyi."

"Esi ne. A gidan nan ma akwai shi, kin mutu? So kike ƙurajen su dawo ki hana ni sakat?"

Daga ranar ba ta ƙara cewa komai ba. In ta dawo na tambaye ta makaranta, sai ta ce lafiya. Ta ci abinci ta kwanta. A kwana na biyar hancinta ya fara zuba, a na bakwai tari ya shigo, irin busasshen nan mai ƙara kamar ana buga kwano. Na dafa citta da kanumfari na zuba zuma, na hana ta ruwan firji, na zargi yaran mutane da shafa mata mura. Ko sau ɗaya tunanina bai je ƙasan durowa ba.

A kwana na tara, matar da ke kula da yara a bas ɗin, wata 'yar Filifin mai fara'a, ta miƙo mini takarda a ninke ta ce, "Mama, mama," tana nuna ni da yatsa, wato ni za a ba, ba wani ba. Na buɗe ta, duk Turanci ne. Na kira babanta sau uku bai ɗauka ba. Na ja hannun yarinyar muka hau wurin Anti, na tarar ta dawo tana cire takalmi.

Ta karanta, ta ɗago ta kalle ni ta saman tabarau.

"Malamarsu ce. Ta ce wannan ne saƙo na uku, biyun farko wayar babanta aka tura. Wai yarinyar tana rawar sanyi a aji, don Allah a riƙa sa mata suwaitarta. In da hali tana son ganinki."

Na ce, "Tana son ganina? Ni ma ina son ganinta."

Ranar baban yarinyar ya sha magana. Ya buɗe wayarsa ya yi ta gungurawa, can ya ce, "Au, ga su nan. Na ɗauka tallan makaranta ne." Talla! Mutumin da in kwantena ta makara da awa ɗaya sai ya san dalili. Na ce masa saƙon 'yarsa ne bai da lambar kwantena shi ya sa. Ya ce, "Khalas, ya isa mana, ba gobe za ki je ba?"

Washegari Anti ba ta da aiki, ta ce za ta raka ni ta yi mini tafinta. A tasi na yi ta jera abin da zan faɗa. Zan tambaye su ko sun san digirin zafin da ake yi a waje. Zan ɗaga rigar yarinyar in nuna musu tabon ƙuraje. Anti dai tana ta kallon titi tana cewa, "A bi a hankali, ƙanwata."

Muna tura ƙofar gilashin makarantar, maganar ta maƙale mini. Sanyi ya dake ni a fuska kamar na buɗe firizar masu kifi. Kafin mu kai ƙarshen barandar tsikar jikina ta tashi, na ja gyalena na rufe hannuwa. Mai gadi da jaket. Matar da ke kan tebur da mayafin ulu a kafaɗa. A waje rana na narka kwalta, su a nan sun ƙera wa kansu hunturu.

Ƙofar ajin akwai ɗan gilashi a tsakiya. Na leƙa. Yara sun fi ashirin, kowa da shuɗiyar suwaita. Na nemi farar riga ban gani ba. Sai can a gefen taga na hango ta, cikin wata ƙatuwar suwaita da ta kai mata cinya, an naɗe hannuwan sau uku, gwiwar hannun ta koɗe. Kayan wani. Kayan da wani yaro ya yar aka tsinta, shi ne a jikin 'yata, kamar marainiya, alhali tata sabuwa fil tana kwance a ƙarƙashin zannuwan gadona.

Malamar ta buɗe ƙofa. Baturiya ce doguwa mai jan kumatu. Ta kira yarinyar. Yarinyar na miƙewa na ga siket ɗin. Gaban a shafe, tattarar a baya.

Ban san lokacin da murya ta fita ba. "Anti, tambaye ta wa ya juya wa 'yata siket! Ba haka na sa mata ba. Wasa suka mai da ita?"

Anti ta riƙe mini hannu ta ce ƙasa-ƙasa, "Ƙanwata, dubi sauran."

Na duba. Wata ta tashi za ta fiƙe fensir, tattara a baya. Wata ta sunkuya tana ɗaukar littafi, tattara a baya. Duk macen da ke ajin nan, tattara a baya.

Sannan na mai da ido kan tawa. Ta tsaya a tsakiyar aji ta ƙura mini ido, hannuwanta biyu sun shige ƙarƙashin ƙatuwar suwaitar, tana ta kokawar murɗa ƙugun siket ɗin. Juya shi take yi. So take ta mai da shi yadda na sa mata kafin in gani, a gaban yaran nan duka.

Malamar ta fito da mu baranda ta ja ƙofa. Ta yi magana a hankali, Anti na juya mini. Wai tun rana ta uku, yarinyar in ta sauka daga bas sai ta tsaya a bayan ƙofa ta juya siket ɗinta, in an tashi kuma ta mai da shi kafin ta hau. Suwaitar aron ma a aji take barinta. Malamar ta taɓa tambayarta dalili, ta ce haka Ummanta take so.

Na rasa inda zan sa fuskata, sai fushi ya zo ya cece ni. Na ce Anti ta tambaye ta, in har sanyin ya kai a sa ulu, me ya hana su rage esin? Ta ce ba daga aji ake sarrafa shi ba, na ginin ne gaba ɗaya. Na ce to wa ya ce a sa wa yara bargo a ƙugu a ƙasar Larabawa? Sai ta yi murmushi ta ciro wayarta, wai kayan ƙasarsu ne, bari ta nuna mini mahaifinta. Na karɓa na duba. Wani dattijo ne mai farin gemu a kan dutse, hazo a bayansa, ya sa suwaita mai kauri har wuya, ga kilit ɗin nan sak irin na 'yata, ga gwiwoyinsa a waje jajaye.

"Anti, namiji ne fa."

"Asalinsa ma na maza ne."

"To tambaye ta, a garin nasu sanyi ake ko zafi? In sanyi ake, me gwiwar tsohon nan take yi a waje? In zafi ake, me ya kai shi ga ulu? Su da kansu ba su yanke shawara ba, shi ne suka kwaso abin suka kawo mana nan, suka kunna sanyin ƙarya don ya dace da kayan?"

Ban san yadda Anti ta juya maganar ba, na dai ga ta gajarta ta sosai. Malamar ta yi dariya har da dafa bango, ta ce mahaifiyarta ma haka take faɗa masa. Ni ban yi dariya ba.

A tasin komawa, muna wuce gadar ruwa na juya wajen Anti.

"Anti, 'yarki shekara shida ta yi tana sa wannan abin."

"Haka ne."

"Kullum da safe kina ganinmu."

Ta gyara zaman jakarta a cinya. "Wallahi tun ranar farko na gani. Nauyi na ji. Na ga yadda kika guge shi, kina ta murna, na ce in na faɗa za ki ga kamar na raina ki don ba ki yi boko ba. Na ce za ki gane da kanki."

"In gane a ina? A mafarki?"

"Ki yi haƙuri, ƙanwata."

Na ce na haƙura, don babba ce. Amma har yau in na tuna wannan "Masha Allah" ɗin sai raina ya ɓaci. Kwana tara. Kalma huɗu ce fa: tattarar baya take zuwa. Ta ji nauyina, malama ta rubuta wa wayar da ba a karantawa, uban ya ɗauka talla ne, kowa ya lallaɓa ni kamar ƙwai, aka bar 'yar shekara biyar ita kaɗai tana murɗa siket a bayan ƙofa sau biyu a rana. Ita kaɗai ce ta buɗe baki ta gaya mini gaskiya, ita ce kuma na ce wa yaushe aka haife ta.

Ina isa gida na ciro suwaitar na shanya a kan kujera ta sha iska. Na ɗauko wata tsohuwar shimi ta auduga mai laushi da zan riƙa sa mata a ciki saboda fatar.

Ƙarfe biyu da rabi bas ya tsaya. Ta sauko a hankali tana kallon ƙasa. Tattarar ba a gaba take ba, ba a baya ba. A gefe ta bar ta, kan ƙugun hagu, bel ɗin ɗaya a cibiya. Ta rasa wanne za ta shigo mini da shi.

Muka hau sama. Na zaunar da ita a bakin katifa, na durƙusa a gabanta, abin da ban taɓa yi ba.

"Ke, cire ki nuna mini yadda ake sa shi."

Ta kalle ni tana neman tarko a fuskata.

"Ba dukanki zan yi ba. Ban iya ba ne. Nuna mini."

Ta miƙe ta juya shi, ta daidaita shafaffen a gaba da tafin hannu, ta ja bel ɗin dama ta ja na hagu. Sannan ta nuna ɗinkin da na yi ta ce, "Wannan ma ba a ɗinkewa. In ana tsere ba na iya buɗe ƙafa, kullum ni ce ta ƙarshe."

Na ɗauko reza na fara farke zaren, ɗinkina mai kyau, ƙanana-ƙanana. Ina yi ina magana ba tare da na ɗago ba, don in na kalle ta ba zan iya ba.

"Daga yau in na yi abu ba daidai ba, ki faɗa mini. Ko na yi faɗa, ki sake faɗa. Kin ji ko?"

"Ko kin ce yaushe aka haife ni?"

"Ko na ce."

Ta kalli rezar. Ta yi tari sau biyu. Sai ta gyara zama, ta ɗaga yatsa ɗaya.

"To, Umma, ranar Laraba ba a sa wannan, kayan wasanni ake sawa, sau biyu ina zuwa ni kaɗai da siket. Kuma man da kike shafa mini a fuska ya yi yawa, wata ta ce ina ƙyalli kamar ƙosai."

"Wace mara kunyar ce ta san ƙosai a makarantar nan?"

"'Yar Legas ce. Kuma robar abincina in kin ɗaure ta da leda ba na iya kwancewa, sai an kusa komawa aji. Kuma littafin nan ja ba nawa ba ne na ajiyewa, ke za ki riƙa sa hannu. Kuma..."

"Ke, ya isa! Duk yau za ki ƙare ni? Ɗaya-ɗaya."

Ta rufe baki, amma yatsun na nan a ɗage, huɗu, tana shirin ɗaga na biyar. Na ajiye rezar na ce, "To, faɗi na biyar ɗin mu ji."